Mutumin Kirki da Wanda Ba Nasa Ba: Sharhi a Kan Jerin Kirk-Greene Bisa Ma'aunin Tarihin Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

A shekarar 1973 A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar da wata lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka don tunawa da masanin harsunan nan Hans Wolff, aka kuma buga ta a 1974 da sunan Mutumin Kirkii. A cikinta ya tsamo halaye goma waɗanda Bahaushe yake auna mutum da su, watau gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Laccar gajeruwa ce, amma ta yi tsawon rai. Yau fiye da shekara 50 ke nan da fitowarta, marubucinta ma ya rasu tun 2018, duk da haka da wuya ɗalibin al'adun Hausawa ya gama karatu bai haddace waɗannan halaye goma ba. Mu malamai mukan tambaye su a jarrabawa, ɗalibai su jero mana su, mu ba su maki, kowa ya kama gabansa.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗora wa wannan jeri tambaya guda: shin ya isa ya koya wa mutum zama da wanda ba asalinsu ɗaya ba? Za mu nemi amsa a ƙasar Gwandu da maƙwabtanta, domin a nan ne Fulani da Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka yi kusan shekara 100 suna yaƙi suna sulhu, sa'an nan suka zauna tare har yau.

Abin da laccar ta yi daidai

Kafin a soki aiki, wajibi ne a faɗi alherinsa. Kirk-Greene ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya koyar a Zariya, ya kuma ji Hausa. Da ya tashi bayyana wa Turawa halin Bahaushe, bai ɗauko ma'aunin falsafar Turai ya gwada mu da shi ba. Kalmominmu ya ɗauka, ya bar su da sunayensu, ya yi ƙoƙarin nuna iyakar kowace. Wannan ba ƙaramin adalci ba ne a zamanin da yawancin masu rubutu a kanmu suke fassara kunya da tsoro, haƙuri kuma da mutuwar zuciya. Bugu da ƙari, babu ɗaya daga cikin halayen goma da Bahaushe zai ce baƙo ne a wurinsa. Wanda duk ya tara su, ko a Kano yake ko a Maraɗi, za a kira shi mutumin kirki.

Saboda haka rigimarmu ba da abin da ke cikin jerin take ba. Tana wajen abin da siffar jeri take ɓoyewa, da kuma yadda muka mayar da shi abin hadda. Jeri yakan nuna halaye kamar kaya a cikin adaka, kowa da nasa, ana iya buɗewa a ƙirga. Zama da jama'a kuwa abu ne na tsakani, sai da mutum biyu yake tabbata, kuma sau da yawa na biyun bai san ƙa'idojin gidanku ba, ko kuwa kakansa da naka sun taɓa haɗuwa a fagen fama.

Wani abu da na gani a Malisa

Wata shekara na fita da ɗalibaina tattara adabin baka a ƙasar Gwandu, muka sauka a Malisa, muka tarar ana taron suna a gidan da aka sauke mu. Muna zaune a ƙofar gida tare da dattawa, a cikinsu akwai wani tsohon Bafillatani makiyayi wanda kowa yake rusuna wa, sai ga wani dattijo Ba'are ya iso. Ko sallama bai gama ba Bafillatanin ya ɗaga murya ya ce, "A'a, bawana, mi kaz zaka yi cikin manya?" Shi kuwa Ba'aren ya ce ya zo ne ya ga ko yau Bahillace zai ƙoshi da tuwo, tun da shanunsa sun fi 'ya'yansa daraja a wurinsa. Yana faɗa yana fizge sandar tsohon da malafarsa, ya ce ba zai mayar ba sai an fanshe su da goro. Jama'a suka yi ta dariya. Wani ɗalibina ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ba za a raba su ba?"

Ba a raba su ba, don ba faɗa suke yi ba. Kafin mu tashi mai masaukinmu ya shaida mana cewa shanun wannan Ba'are suna cikin garken wannan Bafillatani shekara da shekaru, babu takarda babu shaida, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Da muka koma aji, ɗalibin nan ya tambaye ni a ƙarƙashin wane hali daga cikin goma za a sa abin da muka gani. Na rasa amsa. In an bi zahirin jerin, dattawan nan biyu sun keta kunya, sun keta ladabi, sun taɓa mutuncin juna a bainar jama'a. Amma duk wanda yake wurin ya san cewa su ne suka fi kowa amincewa da juna. Ashe akwai wata ƙofa ta kirki wadda jerin bai nuna ba, kuma ita ce ƙofar da take buɗewa wajen wanda ba naka ba.

Karamci da haƙuri: ina iyakarsu?

Mai kare Kirk-Greene zai ce ai karamci yana cikin jerin, haƙuri ma yana ciki, kuma waɗannan biyu sun isa su ɗauki nauyin baƙo. Wannan magana tana da ƙarfi, amma a duba yadda harshen da kansa yake kallon baƙo. Bahaushe yakan ce baƙo raɓa ne, watau yau yana nan gobe ya wuce. Karamci na mai wucewa ne: a ba shi ruwa, a ba shi shimfiɗa, a yi masa rakiya. Mai gida yana sama, baƙo yana ƙasa, kuma dukansu sun san abin na ɗan lokaci ne. Maƙwabcin da ya zo ya kafa gida, gonarsa ta haɗa iyaka da taka, dabbobinsa suna shan ruwa a mashayarku, wannan ya wuce raɓa. Shi haƙƙi yake nema, ba ruwan sha ba.

Tarihin Kabi ya ba mu misalin da ya fi kowane bayani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, amma Kabawa ba su ajiye makamai ba sai da aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame aka kai shi Sakkwato, aka riƙe shi a fada cikin girmamawa har shekara 18. Ba a wulaƙanta shi da yunwa ko tsiraici ba. Duk da haka a 1849 ya tayar da tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, aka koma gidan jiya. Karamcin shekara 18 bai kashe wutar ba, domin abin da yake nema shi ne sarautar ubansa da ƙasar kakanninsa, waɗannan kuwa ba a samunsu a akushin mai masauki.

Haƙuri ma haka yake. Hali ne na mutum ɗaya: ni na daure, ko kai ka sani ko ba ka sani ba. In aka bar shi shi kaɗai, ba tare da an gyara abin da ake daurewa a kai ba, yakan rikiɗe ya zama ƙullaci. A tuna da Malam Abdussalami, malami Ba'are, almajirin Shehu Usmanu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin musabbaban hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Da aka yi rabon ƙasa bayan nasara, ya ga abin da aka ba shi bai kai matsayinsa ba. Ya yi shekaru yana haɗiye abin, har ya fito fili da tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817, ya kuma rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta nasa hujjoji a kan wannan rigima a cikin Sardul Kalami, kuma ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukunci a tsakanin magabata. Abin lura shi ne, mutanen nan addininsu ɗaya, malaminsu ɗaya, kowannensu yana da ilmi da kunya da ladabi, amma da zargin rashin daidaito ya shiga tsakanin mutanen da asalinsu ya bambanta, halayen ɗaiɗaikun mutane ba su hana jini zuba ba.

Amana da adalci a matsayin ƙulli

Me ya kawo zaman lafiya a lokutan da aka same shi? A nan ne za mu ga cewa kalmomi biyu na jerin, amana da adalci, suna da wata fuska ta biyu wadda hadda take rufewa. A aji mukan ce amana ita ce a ba ka ajiya ka mayar. Haka ne. Amma a harshen mulki na ƙarni na 19, amana yarjejeniya ce tsakanin jama'a biyu: ku zauna a garinku bisa sharaɗi kaza, mu kuma ba za mu taɓa ku ba. Ana ƙulla ta, ana kuma warware ta. Wanda ya ci amana a wannan ma'ana gari guda ya jefa cikin yaƙi.

Sauran jama'ar Abdussalami sun taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi har sai da Bello ya kawo masa gudummawa a wajajen 1821, abin da ya zama sanadin shiryawar Bello da baffansa. Amma akwai wani sulhu na biyu da ya biyo baya wanda ba a cika ambatonsa ba. Buhari ɗan Abdussalami ya miƙa wuya ga Gwandu, aka karɓe shi, aka bar shi ya kafa garin Jega tare da Gimbanawa. Ɗan wanda aka yaƙa jiya ya samu gari da sarauta a cikin daular. Jega kuwa ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin ƙasar Hausa, inda fatake daga Nufe da ƙasar Yarbawa da sauran sassa suke haɗuwa. Abin da aka hana uba ya jawo yaƙi, abin da aka ba ɗa ya haifi kasuwa.

Misali na biyu shi ne Lafiyar Toga. Bayan tashin Nabame an yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a Tilli a 1860. A zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga aka ƙulla sulhu wanda ya ɗore daga 1867 zuwa 1875. Ginshiƙinsa shi ne an yarda Argungu ta tsaya da ƙafarta, kowane ɓangare kuma ya riƙe garuruwan da suke hannunsa. Ba a ce Kabawa su zama Fulani ba, ba a ce Gwandu ta manta da mamatanta ba. An dai shata iyaka, kowa ya san nasa. Abin da ya rushe sulhun kuwa rikici ne a kan shanu da aka kama ba a mayar ba. Mai karatu da ya san abin da yake faruwa tsakanin manoma da makiyaya a zamaninmu ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan.

Misali na uku ya zo ne bayan Turawa sun tsayar da yaƙe-yaƙen. Bindiga ta hana faɗa, amma ba ta wanke zukata ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su a kogi. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu, wanda Hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya na gado a 2016. A lura da abin da Kabawa suka zaɓa su nuna wa babban baƙonsu. Sun nuna masa ruwa da kifi da gwanintar Sarkawa, watau abin da ya sa su Kabawa ne. Shi kuma ya zauna ya kalla, ya girmama. Kowa ya shiga sulhun da rigarsa.

Kirk-Greene ya san wannan tarihi sarai, domin shi da S. J. Hogben suka fitar da littafin tarihin masarautun Arewa a 1966, kuma Gwandu da Argungu suna ciki. Laifin namu ne da muka raba littattafan biyu, muka ba sashen tarihi ɗaya, muka riƙe ɗaya a sashen Hausa, har ɗalibi yake haddace kalmar amana bai taɓa jin Lafiyar Toga ba.

Barkwanci: hali na goma sha ɗaya?

Mu koma ga dattawan Malisa. Abin da suka yi shi ne wasan barkwanci, ko taubasantaka. Asalinsa a cikin gida yake, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, inda akan karɓi kuɗin shara a watan cika-ciki. Daga nan aka shimfiɗa shi a kan ƙabilu da garuruwa: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Yarbawa, Gobirawa da Zabarmawa, Kanawa da Zage-zagi. Hikimar abin ita ce an ɗauki wanda ba dangi ba an ba shi kujerar dangi, kuma kujerar da aka zaɓa ita ce wadda babu kunya a cikinta. Masanin zamantakewa Radcliffe-Brown ya nuna tun 1940 cewa irin wannan wasa yakan tsiro ne a inda kusanci da rarrabuwa suka haɗu a wuri ɗaya. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki al'adar da muhimmanci har ta kai ta ga UNESCO, aka karɓe ta a 2014.

In aka dubi wasan a matsayin adabi, za a ga kayan cikinsa kusan duk tsohuwar gaba ce: wa ya ci wa da yaƙi, wa ya bautar da wa, wa ya fi rowa, wa ya fi ci. Ana faɗin maganar da in an faɗe ta da gaske za a zare takobi, amma an sa mata ƙa'ida uku. Dole a yi ta a gaban jama'a, dole wanda aka yi wa ya sami damar ramawa, kuma haramun ne a yi fushi. Ta haka jama'a take tuna abin da ya wuce ba tare da ta sake aikata shi ba. Kunya takan sa a yi shiru a kan tsohon ciwo, shirun kuwa ba ya warkar da shi. Barkwanci yakan buɗe shi kullum ya sha iska. A ƙarƙashin zagin kuma akwai wajibi: taubashi ba ya cutar taubashinsa, in ya shiga tsakani a rigima ana jin maganarsa. Shanun Ba'are a garken Bafillatani su ne ainihin wasan, zagin kuwa shaidarsa ce a gaban mutane.

Amma kada mu yi wa barkwanci irin haddar da muka yi wa jerin goma. Yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Na farko, kalmar bawa ba wasa ba ce ga kowa. Tsakanin dattawa biyu masu wadata takan ba da dariya, amma in mai ƙarfi ya jefa ta ga wanda har yanzu ake goranta wa asali, ta tashi daga wasa ta koma cin mutunci, ko da ya yi murmushin dole. Na biyu, wasan yana bukatar fuska da murya da 'yan kallo da suka san ƙa'ida. In aka rubuta shi a Facebook, inda dubban mutane da ba su san juna ba suke karantawa, sai zagin ya tsira, dariyar ta mutu. Na uku, kuma shi ne mafi girma, barkwanci gado ne, yana aiki ne tsakanin waɗanda tarihi ya riga ya haɗa. Jihar Kebbi da aka kafa a 1991 ta tara masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da Dakarkari da Kambari da Dukkawa da Gungawa, Musulmi da Kirista. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta yake a Kalgo, tana tara matasa daga kowane sashe na Nijeriya a ɗaki ɗaya. Yaron da ya zo daga gabashin ƙasar nan ba taubashin kowa ba ne a Kalgo. In ka yi masa irin maganar da aka yi a Malisa, ka zage shi ne kawai. Shi abin da zai riƙe shi shi ne abin da ya riƙe Buhari a Jega: a ba shi wurinsa, a faɗa masa sharaɗi, a cika masa alkawari.

Kammalawa

Jerin Kirk-Greene hoto ne mai kyau na mutumin da danginsa da unguwarsu suke alfahari da shi. Tarihin Gwandu da Kabi ya nuna cewa irin waɗannan mutane suna iya cika ɓangarori biyu na fagen yaƙi, kowa da gaskiyarsa da kunyarsa. Abin da ya sauke makamai a Jega da zamanin Toga da Argungu shi ne an yarda ɗayan yana da haƙƙin zama yadda yake, an ƙulla sharaɗi, an kuma samo hanyar ambaton abin da ya wuce ba tare da faɗa ba.

Don haka shawarata ga 'yan'uwana malamai guda biyu ce. Ta farko, kada a ƙara wa jerin hali na goma sha ɗaya a ci gaba da hadda. A koyar da kowane hali tare da labarin inda aka gwada shi a kan bare, a ga inda ya riƙe da inda ya tsinke: karamci tare da Nabame, adalci tare da Abdussalami da ɗansa, amana tare da Toga. Ta biyu, a fita da ɗalibai su naɗi barkwanci daga bakin dattawa tun suna raye, a rubuta har da ƙa'idojinsa da lokutan da ya ɓaci, domin zagin kowa yana iya koyonsa, ƙa'idar ce take ɓacewa. Ɗalibin nan da ya nemi a raba dattawan Malisa ya ci jarrabawar halaye goma da maki mai kyau. Ni na koya masa, ni na ba shi makin, kuma ni ne ban koya masa gane aminai biyu in ya gan su ba.